Darasi na Tara: Borrow da Lend, Wa Ya Miƙa, Wa Ya Karɓa?

A Hausa muna da kalmomi uku da kowa yake bambanta su tun yana yaro. Idan maƙwabciya ta karɓi turmi, za ta daka hatsinta ta mayar da shi yadda yake, aro ne. Idan mutum ya karɓi naira 5,000 zai biya da wasu takardun kuɗi daban, rance ne. Idan kuwa ya ɗauki buhun masara a kasuwar Sabon Gari sai ƙarshen wata zai biya, bashi ya ci. Ke nan Bahaushe irin abin da aka karɓa yake dubawa. Bature kuwa ba ruwansa da ko turmi ne ko kuɗi, hannun da ya miƙa da hannun da ya karɓa yake kallo, kuma a nan ne yawancin ɗalibanmu suke tuntuɓe.

Borrow aikin mai karɓa ne, lend aikin mai bayarwa. Mu ɗauki tela a Tudun Wada wanda almakashinsa ya dakushe ana gobe Sallah, ga ɗinki jibge a gabansa. Idan ya leƙa shagon maƙwabcinsa, yana iya cewa "May I borrow your scissors?" domin shi ne zai karɓa, ko ya ce "Please lend me your scissors," domin maƙwabcin ne zai miƙo. Abin da bai dace ya ce ba shi ne "Borrow me your scissors." Za ka ji wannan a bakin mutane da yawa, har a Samaru cikin 'yan jami'a, amma kuskure ne, kuma dalilinsa a fili yake: mu da kalma guda muke cewa "ara mini" da "na ari", sai harshe ya ja mu mu yi wa Turanci haka.

Ga alamar da nake so kowa ya riƙe. Borrow tana tafiya da from, wato daga, lend kuma tana tafiya da to, wato zuwa ga. Idan abin ya riga ya wuce, sai a ce borrowed da lent, ba lended ba: "I borrowed a hoe from my brother," na ari fartanya daga ɗan'uwana, "He lent it to me," shi ya ara mini. Rancen banki loan ake ce masa, bashin da ke kan mutum debt, sayen kaya bashi kuma on credit.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya tuna abu ɗaya da ya ara a wajen wani a wannan mako, da abu ɗaya da ya ara wa wani, ya rubuta jimla biyu da Turanci. Kafin ya ɗora biro a kan takarda, ya tambayi kansa ko hannunsa ne ya miƙa ko shi ne ya karɓa. Za mu karanta su a aji ɗaya bayan ɗaya ranar Asabar.