Darasi na 7: Shirin ziyarar ibada a ƙafa

Har yau ana yin ziyarar ibada a ƙafa. A Iraƙi masu tattakin Arba'in, wato tunawa da cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, kan tashi daga Najaf zuwa Karbala, kimanin kilomita 80. A Sifaniya Kiristoci kan bi hanyar Santiyago, kuma ba a ba mai tafiyar ƙasa takardar shaida sai ya taka aƙalla kilomita 100 da sawunsa zuwa birnin Santiyago. A aikin Hajji ma alhazai da yawa kan taka tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. Hanyoyin sun bambanta, amma abin da ke tsayar da matafiyi kusan ɗaya ne: ƙafa ta lalace, ko kaya su yi nauyi.

Gwajin jiki

Ku fara shiri makonni shida zuwa takwas kafin tashi. A yi tafiyar kilomita 5 sau uku a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A makonnin ƙarshe ku goya jakar da kayanta, ku yi doguwar tafiya kwana biyu a jere. Rana ta biyu ita ce ke faɗin gaskiya, domin a ranar ne ƙafa ke tashi da gajiyar jiya. Mai lafiya kan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, wato kilomita 20 za ta ɗauki awa 5 ko fiye idan an haɗa da hutu. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ya ga likita tukuna.

Takalmi da safa

Kada a fara doguwar tafiya da sabon takalmi. Wanda za ku tafi da shi, da shi za ku yi gwajin nan duka. In za a saya, a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a sa. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da kan takalmin. Takalmin da ya zauna cif-cif da safe, shi ne zai matse bayan awa uku, a gangara kuma yatsu su riƙa dungurar gabansa har farce ya yi baƙi. A yanke farce kwana biyu kafin tafiya.

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe. Fatar da ta jiƙe takan yi laushi, goga kaɗan sai bororo ya fito. Safar ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa ta fi. Uku sun isa: ɗaya a ƙafa, ɗaya a jaka, ɗaya a rataye bayan jaka tana shan iska.

Bororo ba ya zuwa sai ya yi sallama. Za ku fara jin wani wuri yana ɗumi, yawanci a dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa. A tsaya nan take, ko da abokan tafiya za su yi gaba. A cire takalmi, a goge ƙafar ta bushe, a manna filasta a wurin ba tare da ta tattare ba. Masu cewa “bari mu kai zango” su ne ke isa suna ɗingishi. In bororon ya riga ya fito kuma ƙarami ne, a rufe shi, kada a fasa, kada a ɓare fatar. In ya yi ja, ya fara mugunya, aikin ma'aikacin lafiya ne.

Jaka

Ƙa'idar da matafiya ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita. Mai kilo 70 ya tsaya a kilo 7. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, a sa ta a lissafi. Jakar goyo mai ɗamarar ƙugu ta fi ta rataye, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba.

Tufafi kala biyu sun wadatar, ban da na jiki, sai abin sanyi mara nauyi da rigar ruwa. A ƙara hula mai faɗi ko laima, silifas na hutawa, ƙaramin tawul, sabulu, tocila, cajar waya, filasta, man shafawa saboda gogar cinya, da maganin da mutum ya saba sha, har da na ƙarin kwanaki. Duk abin da kuka ɗauka kuna cewa “ko da za a buƙata”, ku sake dubansa. Yawanci shi ne ke dawowa ba a taɓa ba.

Wajen zubawa, mara nauyi a ƙasa, mai nauyi a tsakiya ya jingina da baya, abin da ake yawan nema a sama. Tufafi a leda saboda ruwan sama. Fasfo, kuɗi da waya kuwa a ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da jiki, ko a barci, tare da takarda mai lambar wani ɗan'uwa.

Ruwa a hanya

A riƙa kurɓa akai-akai, kada a jira ƙishi. Fitsari ya yi duhu, ko jiri, ko ciwon kai, alama ce ruwan jiki ya ragu: a nemi inuwa, a zauna. Idan gumi ya yi yawa ko gudawa ta kama, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko ya suma cikin zafi, a sanyaya jikinsa da ruwa, a nemi agaji da gaggawa.

Aiki

Mace mai nauyin kilo 60 za ta ɗauki lita 2 na ruwa. Kilo nawa ya rage mata na sauran kaya? Ku rubuta abubuwa biyar da za ta fara sawa a jaka.