Yadda za ka gane famfon mai ya mutu, ka canza shi

'Yan uwa masu tsohuwar jif mai fetur, in mota tana shaƙewa a hawa ko tana mutuwa in ranar Garwa ta buɗe, kar ka yi saurin sayen famfo.

Da farko murɗa makulli kar ka tada inji, ka kasa kunne wajen tanki, a yawancin motoci za ka ji ƙara siririya kamar ta sauro na daƙiƙa 2. Ƙarar famfon ke nan. In shiru duba fiyus da rile (makunnin da ke ba famfon wuta) tukuna, sannan filta, don zuwa-zuwan nan, wato fetur na kwalba da muke sha a bakin titi wallahi datti ne da shi, na taɓa cire filta na ga yashi a tafin hannuna.

In famfon ne, tada inji, cire fiyus ɗin famfon ka bar inji ya mutu da kansa, sai ka kwance wayar batir ta negatif. Ba sigari kusa don Allah. Ɗaga kujerar baya, famfon yana cikin tanki, in babu murfin da za ka kai gare shi a nan sai an sauke tanki. Zare bututai, ciro famfon, sa sabo da sabuwar rariya da robar baki.

Mayar da komai, tada mota, duba ko yana yoyo.