Yadda Ake Gane Albatros Mai Yawo a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya hau jirgin ruwa zuwa tekun kudancin duniya, musamman kusa da tsibiran Jojiya ta Kudu, Kurozet ko Kargilen, zai ga manyan tsuntsaye suna bin jirgi. Girma kaɗai ba ya isa a gane albatros mai yawo a cikinsu, domin ko da yake fukafukansa a buɗe sukan wuce mita 3, har su kai 3.5, a kan ruwa babu abin da ido zai gwada shi da shi.

Ka fara da lura da tashinsa. Ba kasafai yake kaɗa fiffike ba, sai dai ya fuskanci iska ya yi sama, sannan ya juyo ya gangaro har bakin fiffikensa ya kusa shafar igiyar ruwa, yana cin moriyar yadda iska ke ƙara ƙarfi daga saman ruwa zuwa sama. Akwai wata jijiya a kafaɗarsa da ke riƙe fiffiken a miƙe ba tare da gajiya ba. Ranar da iska ta kwanta kuwa, a zaune kan ruwa za ka same shi.

Daga nan sai ka duba launin gashinsa, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane, domin yana canzawa da shekaru. Wanda bai daɗe da barin sheƙa ba launin ƙasa-ƙasa ne mai duhu, fuskarsa fara. Yana girma yana ƙara haske, farin yana somawa daga jiki, sannan ya bazu a bayan fukafukai, har tsohon namiji ya zama fari fat in ban da ƙarshen fukafukan. Idan ya matso, ka ɗora madubin hangen nesa kan bakinsa: babba ne, ruwan hoda, kuma ba shi da siririn baƙin layin nan da ɗan'uwansa albatros na sarauta yake da shi a gefen baki.

Idan ka sauka tsibiri ka tarar da ɗan tsako shi kaɗai a sheƙa, kada ka ɗauka an yashe shi, kuma kada ka matsa kusa. Ƙwai ɗaya tak uwar take yi, ita da namijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci na kimanin makonni 11, kuma ɗan yakan shafe kusan wata tara kafin ya tashi, iyayen suna tafiya mai nisa neman abinci suna dawowa su ciyar da shi. Saboda tsawon wannan reno ne ba sa haihuwa sai bayan shekara biyu-biyu.