Yadda ƙaramar hukuma za ta haɗa kai da 'yan sanda don rage laifi

Kafin a kira taro, a tattara rahotannin 'yan sanda na wata 12, a haɗa da bayanan asibiti kan waɗanda aka raunata, domin da yawa ba sa kai ƙara. A sa alama a taswira kan titunan da laifi ke maimaituwa, da lokacin da yake faruwa.

Sai a zaɓi matsala 3 kacal, kowace da jami'inta, kuɗinta da wa'adinta. Idan lungu ne mai duhu, gyaran fitila na ƙaramar hukuma ne, sintiri na 'yan sanda.

Abin da ya fi rusa haɗin gwiwa shi ne kowa ya riƙe bayanansa. Tun farko a sa hannu kan yarjejeniyar wa zai ga me, a riƙa duba alƙaluma duk wata 3.