Kurakuran Da Ke Sa Maleji Ya Yi Maka Ƙarya Bayan Canjin Taya

Maleji ba ya ganin kwalta. Abin da yake yi kawai shi ne ƙirga sau nawa taya ta juya, ya ninka da tsawon da aka gaya masa tun daga kamfani cewa juyi ɗaya yana cinyewa. A tsofaffin motoci irin su Fijo 504 wata waya ce ke tasowa daga giya ta juya allurar. A na yanzu kuwa na'ura ce a jikin giya ko a gindin kowace taya, wadda birkin ABS (mai hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi) ke aiki da ita, take aika wa kwamfutar mota saƙo. Ko ta wace hanya ce, lissafin ya dogara ne da tsayin tayar da motar ta fito da ita. Ka canza tsayin, maleji bai sani ba, zai ci gaba da lissafinsa na da.

Na koyi wannan ne a kan Corolla ta, wadda ta zo da 195/65 R15. Ramuka sun ishe ni, ƙasan motar kullum sai ya daki wani abu, sai na je wurin wani mai taya. Ya zagaya motar, ya ɗan doki tayar gaba da ƙafa, ya ce, "Alhaji, ai wannan ta yi maka ƙasa. Bari in sa maka wili 16 da 215/60, ka ga yadda za ta tashi." Na ce to. Mota ta yi kyau kuwa, har maƙwabta suna ta yi mini Allah ya sanya alheri kamar na sayi sabuwa. Sai ranar da muka kama hanyar Zariya, ƙanena yana gefe da wayarsa a buɗe kan taswira, ya ce, "Yaya, ka ce ɗari kake yi? Nan fa ya wuce." Na yi masa gardama har Kwanar Dangora.

Shi ne da gaskiya, kuma kuskuren farko ke nan: mutane suna kallon lambar wili, ba sa kallon tsayin taya gaba ɗaya. Lambobin nan uku da ke jikin taya kowacce da aikinta. A 195/65 R15, 195 faɗin taya ne a milimita. 65 ba milimita ba ce, kashi ne cikin ɗari na wancan faɗin, shi ke ba ka tsayin gefen taya, wato milimita 126.75. 15 kuma faɗin wili ne a inci, kowane inci milimita 25.4, ya kama 381. Gefen taya biyu ne, sama da ƙasa, don haka sai ka ninka 126.75 sau biyu ka tara da 381. Tsayin taya ya zama milimita 634.5.

Yi wa 215/60 R16 irin wannan lissafin, za ka samu 664.4. Ƙarin milimita 30 ke nan, kusan kashi 4.7 cikin ɗari. Duk juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da yadda maleji yake zato, saboda haka inda a da kake yin 100, yanzu allura na wuri ɗaya amma kana kusa da 105. Wani zai ce biyar ɗin me? Tazarar da birki ke buƙata ba ta tafiya kai da kai da gudu, ninkin gudun a kansa take bi, don haka wannan ɗan ƙarin ya tsawaita tsayawarka da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wanda akuya ta taɓa faɗo masa titi a bakin wani ƙauye ya san darajar taku biyu. Abin haushin ma, tashin da na biya kuɗi dominsa rabin ƙarin ne kawai, milimita 15, kaurin ɗan yatsa.

Gyaran ba wuya. In kana son babban wili, sai gefen taya ya ragu daidai da abin da wilin ya ƙaru. A madadin 195/65 R15, 205/55 R16 tana ba da milimita 631.9, 225/45 R17 kuma 634.3, duk maleji ba zai ji a jikinsa ba. Masu sana'ar kan ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, ni dai ina ganin a tsaya ƙasa da 2 ya fi. Sai dai in faɗi gaskiya, taya mai siririn gefe irin 45 ba ta hanyoyinmu ba ce. Rami ɗaya mai kyau sai ta yi ƙulu, ko wilin ya lanƙwashe.

Akwai kuma masu cewa ai wilin ban taɓa ba, taya kawai na canza. Mai Hilux da ya tashi daga 265/65 R17 ya koma 265/70 R17 bai canza wili ba, bai canza faɗi ba, amma tsayi ya tashi daga milimita 776 zuwa 803, kashi 3.4 cikin ɗari. Lambar tsakiyar nan da ake rainawa ita ta fi ɓata lissafi, kuma ita mai taya ya fi cewa "duk ɗaya ne" idan wadda kake nema ta ƙare masa.

Wani kuskuren ya fi wannan ɓuya. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun biyo ta Kwatano ko Legas, kuma tayar da ka tarar a jiki ba lallai ita ce ta asali ba. Ka kwafi lambarta ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayo irinta, ka gaji kuskuren wani. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne mai ɗauke da girman tayar da kamfani ya sa da yawan iskar da ake so. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Da wannan lambar ake gwada kowace sabuwa. In motar ta Amurka ce, a lura kuma manyan lambobin maleji mil ne ba kilomita ba. Allura a kan 80 tana nufin kusan kilomita 129 a awa, alhali iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa ƙananan motoci na gida a babban titi mai hannu biyu 100 ce.

Sai masu haɗa taya kala-kala, biyu na gaba 65, na baya 60, don abin da aka samu ke nan a cikin 'yan gwanjo. Kwamfuta tana ganin wasu tayoyin sun fi wasu saurin juyawa, sai ta ɗauka santsi ne, fitilar ABS ta kama, birki ya riƙa yin abin da ba a sa shi ba. A mota mai ja da ƙafa huɗu abin har giya yake ci. Safaya ma ta shiga wannan lissafi.

Ba gudu kaɗai ke karkacewa ba, har ƙirgen kilomita. Da tayar nan tawa, in maleji ya nuna na yi 5,000 tun juyen baƙin mai, a zahiri na haura 5,200. Lissafin shan mai ma haka, sai ka ga kamar motar ta ƙara sha fiye da yadda ta ƙara. Direban haya da ke yi wa maigidansa lissafi da kilomita, wannan na iya haɗa shi faɗa da mai mota ba gaira ba dalili.

To ta yaya za ka san inda kake? Ka samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, wani ya riƙe waya mai manhajar GPS, kai idonka na kan hanya. Ka tsaya daram a 60 na ɗan lokaci ya karanta, sannan 80, sannan 100. Kada ka firgita in waya ta nuna ƙasa da maleji da uku ko biyar, da gangan aka yi shi haka. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara dokokin motoci a Turai ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Matsala ita ce waya ta fi maleji. Kuma a yi gwajin bayan an yi wa taya geji, don ƙarancin iska yana rage mata tsayi, haka ma cinyewa: daga sabon zane mai milimita 8 zuwa 1.6 ana asarar kusan kashi 2 cikin ɗari.

In kuma ka ƙudurta sai babbar taya, wasu motocin ana iya shigar musu da sabon girman ta kwamfutar gwaji a wurin ƙwararren mai wayarin, wasu kuwa sai an saka wata 'yar na'ura tsakanin mai ƙirga juyi da maleji. Kada ka bari a zare allura a mayar da ita gaba da hannu. Kuskuren kaso ne, ba adadi ɗaya ba: in an daidaita ta a 100, za ta yi ƙarya a 40, ƙirgen kilomita kuma yana nan a karkace. Ni da na tambayi kuɗin na'urar, na haɗa da na aiki, sai na ga bai kai ba. Na bar wili 16 ɗin a jiki, na jira tayoyin suka cinye, na sa 205/55.