Yadda ake kula da tsofaffin bencinan dutse na lambunan Ingila

Kafin ka taɓa benci ko tulun ado a lambun wani tsohon gidan gona na masu hali a Ingila, fara gane irin dutsensa. Dutsen Portland da na Bath, masu sunayen wuraren da ake haƙo su a Ingila, masu laushi ne, suna shan ruwa, asid kuma yana cin su. Wanda ake kira Coade kuwa ba dutse ba ne, yumɓu ne gasasshe da masana'antar Eleanor Coade ta riƙa yi a Landan tun daga 1769, kuma ya fi su jure ruwa da sanyi. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, sai an nemi izinin ƙaramar hukuma kafin a ɗage ko a sauya wani abu.

Wanki ba ya buƙatar komai sai ruwa da burushi mai laushi. Injin feshi mai ƙarfi yana ɓare fatar dutsen, bilic kuma yana barin gishiri a ciki. Busasshiyar gansakukar da ta manne kamar fenti, ƙyale ta. Kankare ta ya fi ta ɓarna.

Babbar matsalar tana ciki. Magina na da sun haɗa mazauni da ƙafafu da maƙalan ƙarfe. Da ruwa ya kai gare su sai su yi tsatsa su kumbura, su tsaga dutsen. Alamarsa jan tabo kusa da mahaɗi, da tsaga mai fitowa daga wuri guda. Toshe tsagar kawai aikin banza ne. Dole a ciro ƙarfen, a maye gurbinsa da wanda ba ya tsatsa.

Wajen cike mahaɗi kada siminti ya shigo. Ya fi dutsen tauri, yana kulle danshi, sai gefen dutsen ya riƙa marmashewa. A kwaɓa awo 1 na farar ƙasar gini (wadda ake kira lime da Turanci) da awo 3 na yashi mai kaifi. A jiƙa mahaɗin tukuna, a danna kwaɓin sosai, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na 'yan kwanaki don kada ya bushe da gaggawa ya tsattsage. Ba a yin wannan aiki idan zafin yanayi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius.

Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, shi ya sa hunturu ke fasa tuluna. A kwashe ƙasa da ganyen da suka toshe ramin gindin tulu, a lulluɓe shi tun yana bushe da mayafi mai barin iska ta ratsa. Leda tana tara gumi, ba ta dace ba.