Idan Injin Mota Yana Juyawa Amma Ya Ƙi Kamawa: Yadda Ake Gano Matsalar

Ƙin tashin mota iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su tun da farko. Idan aka murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, to laifin yana wajen batir, ko kawunan batir, ko kik ɗin da ke juya inji. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne motar da kik ke juya injinta sosai, ana jin sautin juyawar, amma injin ya ƙi kamawa. Injin fetur yana buƙatar mai gauraye da iska, da tartsatsin wuta a bakin fulogi, da matsi a cikin silinda, kuma dole ne su haɗu a daidai lokacinsu. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne ya ɓace kafin ya sayi kowane ƙarfe, domin yawan asarar da masu mota ke yi ta sauya kayan da lafiyarsu ƙalau bisa zato ce.

Kunne ne kayan aiki na farko. A murɗa makulli na daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka, sannan a bar kik ya huta kamar minti ɗaya, don kada ya yi zafi ya ƙone, batir kuma ya ƙare a banza. Idan injin yana juyawa da nauyi, yana ja kamar ba ya so, a auna batir. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe, kuma idan ya faɗi ƙasa da volt 10 yayin da ake juya inji, kwamfutar motar da koyil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) ba lallai ne su sami wutar da za ta ishe su ba, ko da kik yana motsi. Idan kuwa injin yana juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, sautin ya zama sumul babu wannan ɗan tsalle-tsallen da matsi ke kawowa, a dakata nan take. Za a dawo kan wannan a gaba.

Daga nan sai a dubi fitilun da ke gaban direba. Idan aka kai makulli matakin da fitilu ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba, ya kamata fitilar mai hoton inji ta haska. Rashin haskawarta alama ce cewa wuta ba ta kai wa kwamfutar motar, sai a duba babban fiyus da rile ɗinta, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakar mata wuta. Fitilar mai hoton makulli ko kwaɗo da ta ci gaba da ƙyaftawa tana nufin na'urar hana sata ba ta gane makullin ba, kuma a motoci da yawa takan bar kik ya juya amma ta tsare mai ko wuta. Gwada makulli na biyu yana warware wannan tambayar cikin minti ɗaya.

Batun mai shi ne ya fi yawan faruwa, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Kada a amince da allurar mai ɗari bisa ɗari, domin takan maƙale ta nuna akwai saura alhali tanki ya bushe. A kashe rediyo da fanka, a kai makulli matakin fitilu, a kasa kunne wajen kujerar baya ko bakin tanki: a yawancin motoci masu injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai) za a ji famfon mai ya yi ɗan gunji na daƙiƙa 2 zuwa 3 sannan ya yi shiru. Idan ba a ji komai ba, kada a yanke wa famfo hukunci tukuna. A zare fiyus ɗinsa a ɗaga shi ga haske a ga ko siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, sannan a musanya rile ɗinsa da wani mai lamba iri ɗaya daga cikin akwatin, kamar na oda. Wasu motoci, musamman ƙirar Ford, suna da wani maɓalli da ke yanke wutar famfo idan mota ta yi karo ko ta faɗa rami da ƙarfi, kuma danna shi kawai ke mayar da wutar. Famfon da ya tsufa wani lokaci yakan farfaɗo idan wani ya bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu yayin da ake murɗa makulli. Idan motar ta tashi ta haka, an gano mai laifin, amma ba a gyara shi ba.

Akwai gwaji mai raba gardama. A buɗe bututun da iska ke shiga inji, a fesa ɗan kaɗan daga maganin wanke kafireta, a mayar da bututun, a janye fuska da hannu, sannan a murɗa makulli. Idan injin ya kama na ɗan lokaci ya mutu, wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya zuwa. Ban yarda ko kaɗan da tsiyaya fetur daga kwalba cikin inji ba, domin wuta takan dawo ta baya ta kama hannun mai riƙe da kwalbar. Ko da famfo yana ƙara, tabbacin lafiyarsa sai an auna ƙarfin turinsa da ma'auni, wanda a injekta ta gama-gari yakan kai wajen bar 3 zuwa 4. Toshewar filtar mai kan sauko da shi ƙasa.

Idan feshin bai sa injin ya ko motsa ba, sai a koma kan wuta. A cire koyil ɗaya ko wayar fulogi, a haɗa da abin gwada tartsatsi, wani ya juya inji. Ba a riƙe su da hannu, domin wutar koyil takan haura volt 20,000. Koyil ɗaya da ya mutu a injin da kowace silinda ke da nata yakan sa mota ta yi rawa ne, ba ya hana ta tashi. Saboda haka idan babu tartsatsi a dukkan silindoji, a nemi abin da suka yi tarayya a kansa, wato fiyus, ko wayar da ta kwance, ko sensar karanshaf (babban sandan da fistan ke juyawa a ƙasan inji). Wannan sensa ita ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa, kuma idan ta mutu, kwamfuta takan riƙe wuta da mai gaba ɗaya. Halinta sananne ne: mota ta mutu bayan ta yi zafi, ta ƙi tashi, sai ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. A motoci da yawa allurar da ke nuna gudun inji takan ɗan motsa lokacin da kik ke juyawa, kuma kwanciyarta ƙyam tana ƙara zargi a kan sensar. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ƙaramar na'urar bincike za ta iya nuna lamba irin P0335. Lambar tana nuna layin da matsalar take ne kawai, don haka a duba soket da wayar sensar kafin a sayi sabuwa.

Fulogi da kansa yana ba da labari idan aka kwance shi bayan an juya inji. Busasshen baki yana nufin mai bai iso ba. Baki jiƙe sharkaf, mai warin fetur, yana nufin mai ya yi yawa ko wuta ba ta ƙona shi. A wannan hali a taka totur har ƙasa a riƙe yayin da ake juya inji, domin yawancin motoci masu injekta suna yanke mai idan an yi haka, iska ta busar da silinda.

Saura juyawar nan mai sauri da aka ambata. Sau da yawa tana nufin taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistan da bawul, ya tsinke ko ya tsallake haƙora. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, a haska tocila a leƙa yayin da wani ke ɗan taɓa makulli. Idan ana iya hango kamshaf, wato sandan da ke buɗe bawul, kuma ba ya motsi, bel ɗin ya tafi. A injina da yawa fistan yana bugun bawul idan taimin ya kauce, don haka kowace murɗawa tana iya ƙara ɓarna. Haka ma motar da ta mutu a cikin ruwa mai zurfi, ko wadda ta tafasa kafin ta mutu: a bar makulli, a ja ta zuwa wurin makanike ya auna matsin kowace silinda.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna mansa, don haka a nan ana fara zargin iskar da ta shiga layin mai, da toshewar filta, da hitar da ke ɗumama silinda lokacin sanyi. A sababbin injinan dizal kada a sassauta bututun injekta yayin da inji ke juyawa, domin ƙarfin man da ke ciki ya isa ya huda fata.